Ranar da Aka Lulluɓe 'Yar Tasha

Salama a gare ku, masu bibiyata. Na buɗe waya na tarar da ƙorafinku jibge, wai Wamuyu ta samu miji ta manta da mu. Haba jama'a, wane miji? Tukwane nake ta kankarewa tun jiya, yanzun nan ma daga coci na dawo na samu na zauna.

Wanda yau ya fara shigowa, Wamuyu sunana. Ina yankan tikiti a tashar motocin Nyahururu, inda Mama take da rumfar shayi da mandazi, wato irin fanken nan namu, tun rasuwar Baba. Ba yabon kai ba, a tashar nan ba a taɓa kai ni ƙasa a cacar baki ba. Akwai direban da in ya hango ni sai ya zagaya ta bayan banɗaki. Duk da haka Gathogo, malamin lissafin nan mai sanyin hali, ya ce ya ji ya gani. Jiya Asabar ya kawo iyayensa gidanmu na ƙauye a Othaya, wurin Baffa Ndiritu, yayan marigayi babana. To, ku gyara zama.

Tun ranar Alhamis saƙonsa ya fara shigowa, ina tsakar gida ina tsince wake.

"Wamu, kina kusa?"

"Ina jin ka, Malam."

"Gwaggo Wacera za ta zo."

"Ta zo mana, kujera ce za ta gagara?"

"Ba wasa nake ba. Ta ce wa Baba za ta nuna masa irin abin da zan kwaso masa. Wai 'yar tasha ba ta iya yin awa ɗaya ba ta zagi babba ba."

"Awa ɗaya? Ai ta ma yi mini adalci."

"Wamu! Baba ya ce in kika ɗaga wa yayarsa murya a gaban mutane, zai kaɗa awakin sadakinsa ya koma gida. Kin san shi, in ya faɗa ta zauna."

Nan na daina wasa. Baba Mutahi, mahaifin Gathogo, dattijon coci ne, ba ya magana biyu. Ita kuma Gwaggo Wacera ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, don haka ko ya ga ta kauce hanya, sai dai ya sunkuyar da kai. Tun ranar da aka fara kai ni gaishe ta, ta kalle ni daga sama har ƙasa ta tambaya ko a tasha ana wanka. Zancenta kullum ɗaya ne, ɗanta Kibui da ke Qatar. Kibui kaza, Kibui kaza, aiki ya yi masa yawa shi ya sa ba ya samun kira.

Wani saƙon ya shigo.

"Sannan in an lulluɓe ku ke da 'yan mata aka ce in zaɓo ki, don Allah ki yi mini ɗan tari."

"Tarin me? Lafiyata ƙalau."

"Ko ki motsa ƙafar hagu. In na kuskure, akuya za a ci ni tara, abokaina kuma ba za su bar ni in sha ruwa ba har in tsufa."

"Shekara biyu kana cewa ko a duhu za ka gane ni. Ga ranarka ta zo."

Ya turo fuskar kuka guda uku. Na kife wayar ina dariya, amma akwai abin da na ɓoye masa, ku ma ban taɓa gaya muku ba sai yau.

Watannin baya wani ɗan dako ya bayyana a tasharmu, dogo, ramamme, ba ya shiga hira. Kullum da safe Mama takan miƙa masa shayi da mandazi biyu, in yana da abin biya ya biya, in babu ta ce gobe. A bayan rumfarta yake shimfiɗa kwali ya kwana. Kwanan nan ina nuna wa Mama hoton Gathogo sanye da rigar da ya ɗinka, mutumin ya leƙo, sai kofin ya suɓuce masa. Ashe Kibui ne. Qatar ɗin ya je, wakilin da ya kai shi ya yaudare shi, aka dawo da shi daga shi sai jakar leda. Uwarsa saniyarta ta sayar ta tura shi, kunya ta hana shi komawa gida, ya jefar da layin wayarsa. Ya riƙe hannuna yana hawaye ya ce, "Ƙanwata, kada Gathogo ya ji, kada mazan gidanmu su ji. Amma in kin samu tsohuwa ita kaɗai, ki ce mata ina raye."

Ni, Wamuyu, da ko cingam ba ya daɗewa a bakina, aka ɗora wa wannan kaya. Ku dai ku taya ni jin nauyin.

Jiya da safe Mama ta same ni a ɗaki ana ɗaura mini rigar al'ada, ruwan ƙasa mai jerin wuri a wuya da kafaɗa. Ta sallami 'yan mata, ta zauna bakin gado da zanen girkinta duk toka.

"Na ji labarin gwaggon nan," in ji ta. "Me kika shirya?"

"Mama, in ta taɓa ni zan haƙura. In ta taɓa ki kuwa, Allah ya ba kowa haƙuri."

"Ni na aike ki?"

Na kama wasa da wurin rigata.

"Ranar da aka tsayar da Yesu a gaban masu ƙararsa, kina tsammani amsa ce ba shi da ita? Ya san cikin kowa a wurin nan, har abin da suka ɓoye wa matansu. Da ya buɗe baki, da babu wanda zai iya ɗaga ido. Ya bar su."

"Mama, shi Yesu ne. Ni 'yar tasha ce."

"Shi ya sa za ki roƙe shi ya ara miki." Ta gyara mini ɗan kunne. "Ban ce ki zama bebiya ba. Abin da kike riƙe da shi saƙo ne aka ba ki ki kai wa uwa, ba dutse ba ne da za ki jefe ta da shi. Kawo hannunki."

Muka yi addu'a gajeruwa, don an fara ihu a waje cewa mukimo, dakakken dankalin nan da masara da ganye, zai kama. Ni dai abin da na iya cewa shi ne, Ubangiji, ka san bakin nan, kai ka yi shi, yau ka zauna a kansa.

Wajen sha ɗaya suka iso, motoci uku da ƙaramar akori-kura ɗauke da awaki. Matanmu suka garƙame ƙofar gida kamar yadda aka saba. Matansu suka tsaya a waje da kwanduna a baya suna waƙar a buɗe musu, namu suna mayar musu cewa mabuɗi ya faɗa rijiya. Ta tagar ɗaki na hango Gwaggo Wacera a sahun gaba, da shuɗin ɗankwalin matan coci, da wata jaka da za ta iya ɗaukar kaza biyu. Ba ta waƙa, katangarmu take ƙare wa kallo. Gathogo kuwa yana bayan babansa, sai share gumi yake, alhali garin da sanyi.

Aka buɗe musu, aka yi addu'a, aka ci aka sha. Mukimo kore shar, baƙin wake da ayaba, gurasar capati tuli, naman akuya, shayi mai kauri kuma na hannun Mama. Dattawa suka shiga ɗaki suka fito fuska a sake. Sai aka ce a fito da 'yan mata.

Mu shida aka shirya. Kowace an lulluɓe ta da zane biyu daga kai har idon sawu, an sa mana baƙar safa iri ɗaya, an musanya takalma. Siraran an cusa musu matashi, gajerun an ba su takalmi mai tudu. Kusa da ni aka tsayar da Nyawira, 'yar Baffa, wadda muka tashi tare. Tsayinmu ɗaya, muryarmu kusan ɗaya, a wajen zafin kai kuma ni ɗalibarta ce. Cikin zanen nan ba abin da kike gani sai hasken rana ja-ja, ba abin da kike shaƙa sai warin kafur na akwatin matar Baffa. Dokar kuma kowa ya san ta: ba magana, ba motsi, har sai ango ya zaɓa.

Na ji takun Gathogo, na san shi, yana jan ƙafar dama kaɗan. Ya wuce ni, ya dawo, ya sake wucewa. Abokansa suna ta tsokana.

"Malam, lissafa mana!"

"Ka ɗauki ta ƙarshen nan, ta fi ƙiba, riba ce!"

Ana cikin dariya sai na ji ƙarar kujera, na ji muryar da nake tsoro.

"Ku bari in taya ɗana nema, ni na san dabarar. Kai Gathogo, ido ba zai yi maka ba. Shinshina kawai, wadda take warin man mota ita ce taka."

Aka fashe da dariya, har da mutanenmu, don a irin wannan rana ana irin wannan wasa. Ni ma na murmusa a cikin zane. Na ce a raina, Gwaggo, in iyakarki ke nan, mun rabu lafiya.

Ta matso, ina jin ƙamshin man zafinta.

"An ce daga safe har yamma ihu take, Nairobi mutum ɗaya, Nairobi mutum ɗaya! Haka za ta riƙa kiran ka cin abinci?"

Dariya ta ragu. Amsa uku suka zo mini a jere, kowace ta fi 'yar uwarta daɗi. Na haɗiye su kamar ƙwayar zazzaɓi.

"Amma ba laifinta ba ne," in ji Gwaggo, ta ƙara ɗaga murya yadda har masu wanke-wanke za su ji. "Yarinyar da ta tashi a gindin murhu, tsakanin 'yan dako da mashaya, uwa tana washe wa kowane direba baki don ya sayi mandazi, me za ta koya? Ni Kibui ɗana, ko mata sun ƙare, ba zai kawo mini irin wannan ba. Da yana nan ma da bai bari ƙaninsa ya faɗa ba. Sai dai yana can Qatar, aiki ya riƙe shi."

Tsakar gida ta yi tsit, har kukan awaki ake ji daga bayan ɗaki.

Jama'a, ban ɓoye muku ba, na tsani matar nan a wannan lokacin. Jikina ya ɗauki rawa. Mama tana can bakin madafa, na san tana tsaye da ludayi a hannu, ta ji komai. Matar da take tashi tun kafin zakara ya yi cara ta hura gawayi, matar da take ciyar da ɗan wannan tsohuwar ba ta taɓa yi masa gori ba! Maganar ta taso mini daga ciki ta zo ta zauna a kan harshena, a shirye tsaf: Gwaggo, Qatar ɗin da ke bayan rumfar Mama? Kalma takwas kawai. Da na sake su, da ta nemi ramin shiga, da an yi shekara ana labarin a Othaya.

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe.

Sai na ga fuskar Kibui, da yadda kofin ya faɗi daga hannunsa. Na tuna ba ita kaɗai zan jefa ba, har da shi, a gaban mazan gidansu da ya roƙe ni kada su ji. Na damƙi gefen zanen da haƙora na cije. Na ce, Yesu, aron nan da Mama ta ce, yanzu nake so, ba anjima ba. Hawaye suna zuba, kafur yana shiga hancina, ni dai ina cije da zanen mutane.

Ashe ta kusa da ni ba ta yi irin addu'ata ba.

"Haba Gwaggo, da girmanki!" Murya ta fashe daga cikin zane. "A gidanmu, kin cika ciki da abincin matar, sannan ki tashi ki zage ta? Mandazin haram ne? In ke ba ki da kunya, mu muna da ita!"

"Yauwa!" Gwaggo ta buga tafi. "Mutahi, ka ji da kunnenka ko? Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Ga surukar taka nan!"

Na ji fizgar zane a gefena, fuuu. Sai wata tsohuwa daga cikin matanmu ta ƙwala ihu.

"Nyawira ce! Sun taɓa wadda ba tasu ba! Akuya!"

Wayyo, ku zo ku ga gida ya kife. Matanmu suka ɗauki guɗa, suna tafi suna rera akuya, akuya. Abokan Gathogo ma dariya ta ci ƙarfinsu. Na ji Baffa yana gyaran murya, shi da ba ya gaggawa.

"Nyawira, za ki ba babba haƙuri, wannan dole ne. Amma al'ada al'ada ce. Wanda ya buɗe zanen da ba nasa ba, shi ke biya. Ango dai hannunsa na aljihu, kowa shaida ne."

"Ni?" in ji Gwaggo. "Ni za a ci tara?"

"Hannun wa ya ja zanen, Yaya?" Muryar Baba Mutahi ce, a hankali. Ban taɓa jin ya mayar mata da magana ba sai ranar. Na ji ya taka zuwa wajen madafa. "Maman Wamuyu, roƙo muka zo yi gidan nan. Abin da aka faɗa ba da yawuna ba ne. Ki yafe mana."

"Ba komai, Baba," in ji Mama. "Shayinku zai huce."

Ana cikin haka takun nan mai jan ƙafa ya zo ya tsaya a gabana. Ya ɗaga zanen a hankali. Ga ni nan, kwalli ya zubo har haɓa, gefen zane a bakina.

"Wannan ce tawa," ya ce.

Guɗa ta sake tashi. Na tofar da zanen na ce masa ƙasa-ƙasa, "Ya aka yi ka gane? Ban yi tari ba."

"Duk sauran suna ƙunƙuni a cikin zane. Ke kaɗai ce shiru, amma kina rawa kamar murfin tukunya a kan wuta. Na ce wannan tafasar ta gidana ce."

Na harare shi. Da ba a gaban iyaye ba ne, da ya ji amsa.

Da aka zo rabon kunu, ni aka ba ƙwarya in kai wa surukai ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta janye kujerarta can gefen tankin ruwa, ita kaɗai, jakarta a kan cinya, ɗankwalin ya karkace. Ban ɓoye muku ba, ƙafata ta so ta wuce ta. Na dai je na rusuna na miƙa mata da hannu biyu.

Ta daɗe ba ta karɓa ba.

"An ce kina da baki," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ina kika ajiye shi?"

"Yana nan, Gwaggo. Saƙo aka ba shi ya riƙe, aka ce sai kina ke kaɗai."

"Saƙon wa?"

Na waiga, ba kowa kusa. Na rage murya.

"Kibui ya ce in gaya miki yana raye. Yana Nyahururu. Lafiyarsa lau, sai dai ya rame. Kunyar saniyarki ce ta hana shi zuwa."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ta kama hannuna da ƙwaryar gaba ɗaya har kunu ya zuba mana a zane.

"Yana cin abinci?"

"Kullum da safe. A rumfar Mama."

Ta juya ta kalli madafa. Mama tana can tana zuba wa direban akori-kurarsu shayi, tana yi masa dariyar nan tata. Gwaggo ta kalle ta, ta kalle ta, sannan ta dawo da ido kaina.

"Lokacin da nake magana, kin sani?"

"Na sani."

"Kika yi shiru."

"Da ƙyar, Gwaggo. Ki tambayi zanen matar Baffa, na huda shi."

Wani abu ya fito daga bakinta, ban san dariya ba ce ko kuka. Ta ɗaga ƙwaryar ta shanye kunun tas, ta goge ido da bakin ɗankwali, ta tashi ta shige mota. Har suka tafi ba ta ƙara cewa kowa uffan ba, ko sallama ba ta yi wa Mama ba. Awakin dai suna nan a garken Baffa. Nyawira kuma tun jiya take bin mutane tana cewa akuyar tara tata ce, tunda bakinta ne ya jawo ta.

Ni kuwa na kwana da tunani. Ko na yi daidai? Ko ta ji haushi ne 'yar tasha ta san abin da take ɓoyewa? Yau a coci fasto yana wa'azi, ni ina can ina lissafin irin rashin mutuncin da za ta shirya mini kafin ranar aure. Gathogo ya turo saƙo wai tun da suka koma Gwaggo ta kulle kanta a ɗaki, me na ce mata a bakin tanki? Na ce masa kunu na ba ta.

Ɗazun nan, ina cire takalmin coci, waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Rubutun duk manyan baƙaƙe, irin na wanda bai saba ba.

"WAMUYU. GOBE DA WACE MOTA ZA KU KOMA NYAHURURU KE DA MAMANKI. KI AJIYE MINI KUJERA KUSA DA ITA. KADA KI GAYA WA KIBUI. NI CE GWAGGONKI."

Na kai wa Mama wayar. Ta karanta a hankali tana bin layin da yatsa, ta miƙo mini, ta ɗaure zanenta.

"Tashi ki kwaɓa fulawa," ta ce. "Gobe mandazin mutum biyu ne kyauta."